Shin Ya Kamata a Ɓoye wa Mai Ciwon Ajali Gaskiya?

Daga wani tsohon ɗalibin wannan Kwaleji

 Edita ya aiko mini cewa in rubuto wani abu da zai amfani waɗanda su ke shirin fita aikin koyarwa bana. Na san yana tsammanin zan yi magana a kan tsara darasi, ko horon yara, ko zama da iyayensu. To, waɗannan duka kuna da malaman da suka fi ni saninsu. Abin da na zaɓa wani aiki ne da ba a koya mini shi a aji ba, amma ya same ni tun ban cika shekara biyu da fita ba, na kuwa yi shi ba daidai ba. Ina so ku ji, domin in ya same ku ku fi ni.

Ku sani duk ƙauyen da aka kai ku, aikinku ba zai tsaya ga yara kaɗai ba. Malamin makaranta shi ne mai karanta wasiƙa, shi ne mai cika takardun hukuma, shi ne mai duba abin da aka rubuta a jikin kwalbar magani. In ciwo ya yi tsanani kuma, shi a ke ɗauka a tafi da shi asibiti ya yi tafinta tsakanin likita da majiyyaci. Watau wata rana maganar rai da mutuwa za ta bi ta bakinku, ko kun shirya ko ba ku shirya ba.

Mai masaukina a garin da aka fara kai ni wani dattijo ne manomi, mai shanun huɗa biyu da gonaki uku. Baba na ke kiransa, shi kuwa ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa. Wata shekara da kaka sai ya fara rama, idanunsa suka yi ɗorawa, ciki ya kumbura. Aka yi na gida, aka sha saiwoyi da sassaƙe, abin ya ƙi. Babban ɗansa ya ce in raka su babban asibiti, domin likitan ba ya jin Hausa. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ciki, bayan kwana huɗu likita ya kira mu. Ya ce da Turanci ciwon daji ne a hanta, ya riga ya bazu, yanka ba zai yi amfani ba. Ya ce abin da ya rage shi ne a rage masa zafi a koma da shi gida, kuma a ganinsa watanni kaɗan suka saura. Ɗan yana ɗan tsintar Turanci. Kafin in buɗe baki sai ya taka mini ƙafa, ya raɗa mini, "Malam, don Allah ce masa shawara ce." Baba ya dube ni ya ce, "Malam, me ya ce?" Na ce, "Baba, ya ce shawara ce ta yi ƙarfi, amma za a sami sauƙi in Allah ya so."

A ranar na ɗauka tausayi na yi. Ga abin da tausayin nan ya haifa. Baba mutum ne mai himma, da ya ji ciwon na warkewa ne sai ya ce to a yi masa da gaske. Ya sa aka sayar da shanun, aka jinginar da gona ɗaya. Aka tafi wani asibiti, daga can aka tafi wurin wani mai magani, daga can kuma aka sake wani asibitin mai nisa. Ko'ina aka je sai an karɓi kuɗi. Ɗan nasa yana gani dukiya tana narkewa, ba shi da bakin hanawa, gama in ya hana asirin da muka ƙulla zai tonu. Bayan wata uku Baba ya kwanta a wani ɗakin jinya, tafiyar yini guda daga gida, ba matansa, ba jikokinsa, sai ni da ɗan. Daren da zai cika ya kira ni ya ce, "Malam, ashe tafiya ce?" Na yi shiru. Ya ce, "Kai ma ka sani?" Na sunkuyar da kai. Ya daɗe bai ce kome ba, sa'an nan ya ce, "Da ka gaya mini, da a ɗakina za ta same ni."

Ya yi ƙoƙari ya lissafa mana basussukan da ke kansa, da wani kuɗi da wani makiyayi ya ba shi ajiya, da gonar da ya yi niyyar ba ƙaramar 'yarsa. Murya ta ƙi. Muka ji rabi, rabi ya tafi da shi. Bayan sadakar arba'in rigima ta tashi tsakanin 'ya'yan, sai da ta kai su gaban alƙali. Allah ya ji ƙan Baba, ni kuma ya gafarta mini.

Tun daga ran nan na ke bin wannan magana, ina tambayar likitoci da malaman addini, ina karanta abin da na samu. Ra'ayina kuwa ga shi a fili: mutum baligi mai hankali shi ya fi kowa cancantar sanin ciwonsa, shi ya fi kowa cancantar faɗin yadda za a yi da shi, kuma ba ɗa, ba likita, ba tafinta da ke da ikon ƙwace masa wannan.

Kada wani ya ce ɓoyewa al'adarmu ce, faɗa kuwa al'adar Turawa. Su ma Turawan ɓoyewa su ke yi da. A 1951 aka cire wa Sarkin Ingila Joji na Shida huhunsa na hagu, likitocinsa sun san ciwon daji ne, ba su gaya masa ba, har ya rasu a Fabrairun 1952. A 1961 aka tambayi likitoci a Amurka, wajen tara cikin goma suka ce ba su kan gaya wa mai ciwon daji abin da ke damunsa ba. Da aka sake irin wannan tambaya a 1977, sai 97 cikin 100 suka ce suna faɗa. Cikin shekara goma sha shida ke nan suka juya. Sun gwada ɓoyewa, sun ga inda ta ke kai mutane, suka bari. Mu kuwa tun kafin su kakanninmu suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Masu ɓoyewa suna da hujjoji, ba kuma na banza ba ne, don haka bari mu dube su ɗaya ɗaya.

Hujja ta farko, suka ce in aka gaya masa zuciyarsa za ta karye, ciwon ya yi saurin kashe shi. Lalle labarin yana da nauyi, wanda duk ya ji zai girgiza. Amma ku lura, jiki magayi ne. Mutumin da ke ramewa kullum, yana ganin matansa suna share hawaye in sun juya baya, yana ganin 'yan'uwan da suka shekara goma ba su zo ba suna ta sallama, kuna tsammani bai gane ba? Galibi ya gane. Abin da ɓoyewa ta ke yi shi ne ta bar shi shi kaɗai da abin da ya gane. Yana tsoro ba wanda zai gaya wa, domin kowa ya shigo sai ya ce, "Ai ka kusa tashi." Su suna yi masa ƙarya don kada ya damu, shi yana yi musu kamar ya yarda don kada su damu, kwanakin da suka rage su ƙare a haka.

Hujja ta biyu, suka ce likita ba Allah ba ne, ya kan ce mutum zai mutu ya tashi. Wannan gaskiya ce, likitocin kirki ma su ne na farkon faɗinta. Amma ba wanda ya ce a yanka wa majiyyaci rana. Abin da za a gaya masa shi ne abin da aka gani: ga sunan ciwon, ga inda ya kai, ga abin da magani zai iya, ga abin da ba zai iya ba, sauran kuwa yana hannun Allah. Manomi ya kan dubi sama ya ce damina ta kusa ɗaukewa, ya hanzarta aikinsa, ba wanda ya ce ya yi da'awar sanin gaibu.

Hujja ta uku ita ce ta fi ƙarfi. Suka ce akwai wanda ba ya son ya ji, tilasta masa ji kuwa zalunci ne. Na yarda da wannan ɗungum. Ikon sani ya haɗa da ikon cewa ba na so in sani. Amma ta yaya za a gane wanda ba ya so? Sai an tambaye shi. A zauna kusa da shi a ce, "Baba, likita ya gama dubawa. Kana so a gaya maka duk abin da ya gani, ko kuwa ka wakilta wani ya ji a madadinka?" In ya ce a gaya wa ɗansa, shi ke nan, zaɓinsa ne. Baba nawa kuwa da bakinsa ya tambaye ni, "Me ya ce?" Ba ni da wannan mafaka.

Dokar ƙasarmu ma a nan ta tsaya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majiyyaci halin da ya ke ciki, da hanyoyin magani da ke akwai, da amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, da kuma ikon da ya ke da shi na ƙin karɓa. Ta yi togiya guda, watau in akwai ƙwaƙƙwarar shaida cewa faɗin zai cuce shi. Togiya kuwa ba ita ce ƙa'ida ba, kuma taka ƙafar tafinta ba shaida ba ce.

Sa'an nan ku dubi abin da mutum ya ke asara in an rufe shi. In Musulmi ne, ya san ba a raba gado sai an biya bashi, ya san yana da ikon yin wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba, yana da amanar mutane da zai mayar, da waɗanda zai nemi gafararsu. In Kirista ne, yana so a kira masa fasto ko fada, ya shirya da Ubangijinsa, ya sa wa 'ya'yansa albarka. Kowannensu yana da wanda suka yi shekaru ba sa ga maciji da juna, yana so a kira shi su yafi juna. Waɗannan ayyuka duka suna bukatar ƙarfi da murya da hankali. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To, in an gaya masa, sai magana ta biyu ta taso: yaushe ne ya halatta a daina neman warkarwa? Wannan tambaya sabuwa ce a duniya. Kakanninmu ba su san ta ba, gama a zamaninsu in numfashi ya tsaya magana ta ƙare. A 1952 annobar shan inna ta auka wa birnin Kofanhagan na ƙasar Denmak, aka sa ɗaliban likita suna matsa jakar iska da hannu dare da rana don su riƙe numfashin majiyyata. Daga irin wannan aka sami ɗakunan jinya na musamman da injin numfashi. Injin nan ya ceci rayuka masu ɗimbin yawa. Amma kuma yana iya riƙe ƙirji yana hawa yana sauka bayan duk wata alamar farfaɗowa ta ƙare.

A 1975 wata budurwa 'yar shekara 21 a jihar New Jersey ta Amurka, Karen Ann Quinlan, ta faɗi ta yi doguwar suma. Da watanni suka wuce iyayenta suka roƙi a cire injin, likitoci suka ƙi, aka tafi shari'a. A 1976 babbar kotun jihar ta ba uban iko. Aka cire, sai ga shi ta ci gaba da numfashi da kanta, ba ta farfaɗo ba, ba ta kuma cika ba sai 1985. Wannan labari yana koya mana abu biyu. Cire inji ba shi ne kisa ba, gama ga wadda aka cire wa ta ƙara shekara tara. Kuma lissafin likita ya kan kuskure, saboda haka tilas a yi irin wannan shawara da tsoron Allah, ba da garaje ba.

Malaman addinan nan biyu sun duba maganar. A 1957 Paparoma Pius na Goma Sha Biyu ya yi wa likitoci jawabi, ya bambanta magani na yau da kullum, wanda wajibi ne a yi, da magani mai tsananin nauyi wanda ya wuce misali, ya ce wannan ba tilas ba ne a ci gaba da shi in ba sauran fata. A 1986 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman, ta yanke cewa in ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya, ƙwararrun likitoci suka tabbatar ba komowa, ya halatta a cire injin. A 1987 majalisar malamai ta Rabiɗa a Makka ita ma ta halatta cirewa in likitoci uku ƙwararru sun haɗu a kan haka, sai dai ta ce ba za a yi masa hukuncin mamaci ba sai zuciya da numfashi sun tsaya. Kun ga ke nan wanda ya ce a bar tsohonsa ya cika cikin natsuwa bai fita daga addini ba.

Kotun Ƙoli ta Nijeriya ma ta yi magana. Wata mata mabiyar Shaidun Jehobah ta ƙi ƙarin jini bayan haihuwa, ta sa hannu a takarda, Likita Okonkwo ya yi mata magani ba da jini ba, ta rasu a 1991. Kotun horon likitoci ta same shi da laifi, amma a 2001 Kotun Ƙoli ta wanke shi, ta ce baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani ko da ƙin zai kai shi ga mutuwa. Ku lura da kalmar baligi, ku da za ku riƙe yara. A 2019 kotun nan ta nuna cewa iyaye ba su da irin wannan iko a kan ran ƙaramin yaro, hukuma tana iya shiga ta cece shi.

A nan akwai wani rami da ya kamata in nuna muku, domin a ƙasarmu ya fi na inji zurfi. Mu yawancin majiyyatanmu ba su kai ga injin numfashi ba. Abin da ke tsai da magani a wurinmu aljihu ne. Akwai bambanci babba tsakanin a daina magani don ba zai yi amfani ba, da a daina shi don ba kuɗi, ko don magada sun fara lissafin gona. Wanda ke da ciwon da a ke warkarwa, aka kwashe shi aka kai gida aka ce an bar wa Allah, alhali kuwa kuɗin ne a ke jin ƙyashi, wannan an cuce shi, kome sunan da aka sa wa abin. Saboda haka tambayar da za ku yi wa likita a madadin mutane ita ce: "Wannan magani warkarwa zai yi, ko jinkiri zai kawo, ko kuwa ba zai yi ko ɗaya ba?" In na warkarwa ne, ku tsaya tsayin daka a nemi kuɗi, ko da za a bi gida gida, ko masallaci da coci. In ba zai yi kome ba, ku faɗa a fili, kada a sayar da abincin marayu a sayi wahala. Shanun Baba ba su saya masa ko kwana ɗaya ba.

Daina neman warkarwa kuma ba shi ne daina jinya ba. Wannan ita ce magana ta uku. Wata Baturiya, Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin nas kana ta zama likita, ta buɗe gidan jinya na masu ciwon ajali mai suna St Christopher's a Landan a 1967. Ta nuna cewa in ana ba majiyyaci morfin a kan lokaci, tun zafin bai komo ba, gwargwadon abin da ya ishe shi, zai iya zama cikin hankalinsa, ya yi hira, ya ci abinci, ya yi ibada. Likita Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Nijeriya, ta kai irin wannan jinya Yuganda a 1993, tana haɗa morfin na ruwa mai araha wanda a ke sha a gida. A 2004 Yuganda ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi, domin likitoci ba su isa ƙauyuka ba. A nan gida, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan ya buɗe sashen irin wannan jinya a 2007. A 2014 kuma babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya yi kira ga ƙasashe duka su sa ta cikin aikin lafiyarsu.

Waɗansu suna tsoron cewa karɓar irin wannan jinya sallamawa ce, mutum zai yi saurin tafiya. A 2010 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a birnin Boston a kan mutum 151 masu ciwon daji na huhu wanda ya bazu. Waɗanda aka haɗa musu da jinyar rage raɗaɗi tun da wuri sun fi samun kwanciyar rai, kuma a tsakaice sun yi wata 11.6, sauran kuwa wata 8.9. Ba na cewa haka zai zama ga kowane ciwo. Amma ya isa ya nuna cewa sauƙaƙa wa mutum ba tura shi kabari ba ne. Abin takaici, har yanzu samun morfin yana da wuya a asibitocinmu da yawa, mutane kuma suna tsoronsa saboda ɓarnar 'yan ƙwaya. Ɓarnar gaskiya ce, a tsare ta da doka. Amma tsohuwar da ke kwana tana ihu don ciwon daji na nono ba ita ta yi laifin ba. Ku tambayi likita maganin zafi da bakinku, kada ku ji kunya, gama haƙuri da ƙaddara bai hana shan magani ba.

Saura iyaka guda wadda ni ba na ƙetarewa. Akwai ƙasashen da suka halatta wa likita ya yi wa majiyyaci allurar da za ta kashe shi in ya roƙa. Holan da Beljiyam sun fara a 2002, Kanada a 2016. Masu goyon bayan wannan suna cewa tausayi ne, kuma mai rai shi ke da iko da ransa. Na san cikinsu akwai waɗanda suka ga azabar da ni ban gani ba, ba na kuwa zaginsu. Duk da haka ban yarda ba. Dokar ƙasarmu ta hana, Musulunci ya hana, manyan ɗarikun Kirista na ƙasarmu sun hana. Ban da wannan, ku dubi abin da ya faru ga Sarki Joji na Biyar a Janairun 1936. Yana kan gargara likitansa, Lord Dawson, ya yi masa allurar morfin da hodar ibilis mai yawa don ya cika kafin tsakar dare, dalili ɗaya kuwa shi ne labarin ya fito a jaridun safe, kada ya faɗa ga na yamma. Ba a tambayi Sarkin ba, ba a kuma san abin ba sai 1986 da aka buɗe littafin da likitan ya ke rubuta al'amuransa. In an yi wa Sarkin Ingila haka don jarida, me za a yi wa talakan da jinyarsa ta gaji iyali, gadonsa kuma ana jira? Morfin ɗin da ke rage zafi shi ne ke kisa in an zuba da yawa da nufin kisa. Abin da ya raba su niyya ce da awo. Barin ajali ya zo da kansa daban, jawo shi daban.

To, me na ke so ku yi in ranar ta zo? Na farko, tun kafin ku shiga wurin likita ku gaya wa iyalin cewa ku abin da aka faɗa za ku faɗa, in ba su yarda ba su nemi wani tafinta. Wannan ya fi a taka muku ƙafa a gaban majiyyaci. Na biyu, ku tambayi majiyyacin ko yana so ya ji, da wanda ya ke so ya zauna tare da shi. Na uku, kada ku zuba masa labarin duka lokaci guda kamar mai juye buhu. Ku faɗi kaɗan, ku yi shiru, ku bar shi ya tambaya, in ya ce ya isa ku dakata sai gobe. Na huɗu, ku tambaye shi abin da ya fi so: gida ko asibiti, wa zai yi magana a madadinsa in harshe ya ƙi, wa ya ke so a kira. Ku rubuta a takarda da kwanan wata, a gaban shaidu biyu, a karanta masa ya ji. Alƙalamin nan da ke aljihunku zai iya hana gida guda zuwa gaban alƙali. Na biyar, ku riƙe sirri. Ciwon mutum ba labarin dandali ba ne, ba kuma na ɗakin malamai ba.

Na san abin da na ke nema da wuya. Yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya dubi dattijo mai furfura ya gaya masa irin wannan magana, al'adarmu ma ba ta saba ba. In kun ga ya fi ƙarfinku, ku nemi limami ko fasto ko wani aminin majiyyacin ya zauna tare da ku, ku kuna juya maganar likita, shi yana tausasawa. Abin da ba za ku yi ba shi ne ku sāke maganar a hanya. Wanda ya ɗauke ku tafinta ya ba ku amanar kunnensa ne, domin shi ba ya ji.

Ni dai har yau in na wuce ta ƙofar ɗakin Baba sai in tuna a nan ya so ta same shi. Ina roƙon waɗanda ke da wani ra'ayi dabam, musamman ma'aikatan asibiti da malaman addini cikin masu karatu, su rubuto wa Edita mu ƙaru da juna. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinyarsu haƙuri, ya sa mu cika da kyau. Amin.